Me ya sa Zorro ke ta dawowa, Tarzan kuwa ya ƙi farfaɗowa?

Wani mai sha'awar finafinai ya aiko mini da tambaya, yana son sanin dalilin da ya sa kamfanonin shirya finafinai na Amurka ba sa gajiya da tono tsofaffin jarumai irin su Tarzan da Zorro da Conan, su zuba musu maƙudan kuɗi, amma sau da yawa fim ɗin ya faɗi warwas a kasuwa, alhali jarumai irin su Batman da Indiana Jones, waɗanda daga jikin tsofaffin nan aka tsago su, sun daɗe suna cin kasuwarsu. Ya ƙara da cewa, shin rashin iya aiki ne na masu shiryawa, ko kuwa jaruman ne zamani ya wuce su?

Akwai rashin iya aiki a ciki, babu shakka, amma a ganina abin da ke raba jarumin da zai iya dawowa da wanda ba zai iya ba shi ne abin da ke saura a jikinsa idan aka tuɓe masa aƙidar zamanin da ya haife shi. Wani zai ci gaba da tsayuwa da ƙafafunsa, wani kuwa da an cire masa ita babu sauran labari. Kafin in kawo hujja ya kamata mu san inda suka fito, domin 'ya'yan kasuwa ne, kuma kasuwar ce ta ba su siffar da suke da ita.

A shekarar 1896 wani mai buga mujallu a birnin New York, Frank Munsey, ya mayar da mujallarsa Argosy ta ƙagaggun labarai zalla, ya kuma riƙa buga ta a kan takarda mafi araha, wadda ake yi da niƙaƙƙen itace, mai kaushi, wadda ba ta daɗewa take yin ja ta fara marmashewa. Da sunan wannan takarda, wato pulp, aka san irin waɗannan mujallu har yau. Da yawa daga cikinsu santi 10 ake sayar da su, marubuci kuma ana biyansa gwargwadon yawan kalmominsa, galibi kimanin santi ɗaya a kan kowace kalma, don haka duk mai son ya ci abinci da alƙalaminsa dole ya yi rubutu da sauri kuma da yawa. A cikin wannan kasuwa Edgar Rice Burroughs ya fitar da John Carter da Tarzan a mujallar All-Story a shekara guda, 1912. Johnston McCulley ya fitar da Zorro a 1919, The Shadow ya samu mujalla tasa ta kansa a 1931, Robert E. Howard ya gabatar da Conan a mujallar Weird Tales a ƙarshen 1932, Doc Savage kuma ya biyo baya a 1933. Ƙarancin takarda a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da yaɗuwar littattafan zane da ƙananan littattafan aljihu, daga baya kuma talabijin, su suka durƙusar da kasuwar, har kamfanin Street & Smith ya rufe mujallun The Shadow da Doc Savage a 1949.

Saurin da ake aikin nan da shi abin mamaki ne. Walter Gibson, wanda ke rubuta The Shadow da sunan aro Maxwell Grant, ya yi shekaru yana miƙa cikakkun littattafai biyu a kowane wata, kuma shi kaɗai ya rubuta 282 daga cikin 325 da aka buga. Lester Dent, wanda ya rubuta mafi yawan labaran Doc Savage, ya bar wani tsari da marubuta ke amfani da shi har yanzu: a raba labari mai kalma 6,000 gida huɗu, kowane kashi kalma 1,500, tun daga layin farko a jefa jarumi cikin masifa, a kowane kashi a ɗora masa wata a kan ta baya, a saka faɗa na hannu da hannu, a rufe kashin da abin da mai karatu bai zata ba, sannan a kashi na ƙarshe, bayan an kusa binne shi da ransa, ya fitar da kansa da dabararsa ko ƙarfinsa. Wanda ya karanta littattafan yaƙi na adabin kasuwar Kano, inda littafi na ɗaya ke ƙarewa daidai lokacin da aka zare takobi don mai karatu ya koma ya sayi na biyu, ya san wannan dabara ko da bai taɓa jin sunan Dent ba. Tsarin bai tsufa ba, kuma ba mallakar kowa ba ne, kowa na iya ɗaukarsa ya ɗora wa sabon jarumi.

Dalili na farko ke nan: waɗanda suka zo daga baya sun riga sun kwashe kayan magabatansu. Doc Savage sunansa Clark, ana yi masa kirari da mutumin tagulla, yana kuma da wata mafaka a yankin ƙanƙara na arewacin duniya inda yake keɓe kansa. Superman, wanda ya bayyana a 1938, shi ma Clark ne, kirarinsa mutumin ƙarfe, daga baya kuma aka ba shi mafaka mai suna iri ɗaya da ta Doc Savage a irin wannan wuri. Batman na 1939 ya ɗauko baƙaƙen kaya da yawon dare daga The Shadow, ya ɗauko halin attajirin da ke nuna kansa malalaci da rana daga Zorro, kuma Bill Finger, wanda ya rubuta labarinsa na farko, bai ɓoye cewa a kan wani labarin The Shadow ya gina shi ba. George Lucas ya nemi izinin yin fim ɗin Flash Gordon, wani jarumin zanen jarida na wancan zamani, bai samu ba, sai ya yi Star Wars a 1977. Shekara huɗu bayan haka shi da Steven Spielberg suka fito da Indiana Jones, wanda ya kwaso hularsa da bulalarsa da gudun ceton ransa daga finafinan kashi-kashi na shekarun 1930 da 1940.

Saboda haka idan aka dawo da na asali, sai mai kallo ya ɗauka shi ne ya yi kwaikwayo. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne fim ɗin John Carter na kamfanin Disney a 2012, shekara 100 cif bayan buga labarin. Hamadar wata duniya, da gimbiya, da filin da ake haɗa fursuna faɗa da dodanni, da baƙon da ya shiga wata ƙabila ya zama jagoranta, duk masu kallo sun riga sun gan su a Star Wars da Avatar, waɗanda su ne suka aro daga Burroughs. Kamfanin da kansa ya ƙiyasta asararsa da kimanin dala miliyan 200. Irin wannan ta faru a shekarun 1990, lokacin da nasarar Batman na 1989 ta sa aka yi rububin tono magabatansa, aka yi The Shadow a 1994 da The Phantom a 1996, babu kuma wanda ya samu kasuwar da za ta sa a yi masa na biyu. Abin da ke mayar da kamfanoni gare su duk da haka lissafi ne na 'yan kasuwa, wato zaton cewa sanannen suna zai rage wahalar talla. Sai dai sanin suna daban, son labari daban: miliyoyin yara sun san kururuwar Tarzan ba tare da sun taɓa buɗe littafinsa ba.

Dalili na biyu ya fi nauyi, kuma Tarzan ne ya fi nuna shi. Burroughs bai taɓa taka ƙasar Afirka ba. Labarinsa na farko na wani jariri ne, ɗan wani basaraken Ingila mai sarautar Greystoke, wanda iyayensa suka mutu a gaɓar tekun Afirka, wata babbar birinya mai suna Kala ta shayar da shi. Yaron ya girma ya fi birai wayo, ya koya wa kansa karatun Turanci daga littattafan da ya tarar a bukkar mahaifinsa ba tare da an taɓa koya masa harshen ba, kuma ranar da ya kashe mutum na farko ya yi niyyar cin namansa, sai wani abu a jikinsa ya hana shi, marubucin kuma ya faɗa mana ƙarara cewa gadon asali ne. Baƙaƙen fatan da ke ƙauyen kusa kuwa an nuna su masu cin naman mutane ne, masu camfi, Tarzan na zarga musu igiya a wuya daga kan bishiya yana sace kibansu, su kuma suna ajiye masa abinci suna zaton aljani ne. A takardar da ya liƙa a ƙofar bukkar don gargaɗin Turawan da suka iso gaɓar, ya gabatar da kansa a matsayin makashin namun daji da baƙaƙen mutane masu yawa. Tambayar da aka gina littafin a kanta ita ce, idan aka jefa jinin sarautar Ingila cikin daji tsirara, shin zai hau kan kowa? Littafin ya ce zai hau.

Duk mai son yin Tarzan a yau sai ya san yadda zai yi da wannan. Disney, a fim ɗinta na zane na 1999, ta bi hanya mafi sauƙi, ta share 'yan Afirka daga Afirka baki ɗaya, aka bar birai da giwaye da Turawa. Fim ɗin The Legend of Tarzan na 2016, wanda David Yates ya ba da umarni, shi ne ya tunkari matsalar gaba da gaba, don haka ya cancanci a tsaya a kansa. An ɗauke labarin aka dasa shi a Kwango ta zamanin Sarki Leopold na Biyu na Beljiyam, bayan taron Barlin na 1884 zuwa 1885, lokacin da ƙasar ta zama tamkar kadararsa ta kansa. An kuma shigo da mutane biyu da suka rayu a zahiri. Ɗaya shi ne Léon Rom, hafsan rundunar Leopold da ya yi ƙaurin suna wajen zalunci, shi aka mai da mugun fim ɗin. Ɗayan shi ne George Washington Williams, baƙar fatan Amurka, tsohon soja, malamin coci, lauya kuma marubucin tarihi, wanda ya je Kwango da ƙafarsa a 1890, ya ga abin da ake yi, ya rubuta wa Leopold buɗaɗɗiyar wasiƙa yana lissafa masa laifuffukan mutanensa, tun daga yaudarar sarakuna su sa hannu a takardun mallakar ƙasa har zuwa cinikin bayi da kisan gilla. Ya rasu a Ingila a 1891, bai kai ga komawa gida ba.

Niyyar kyakkyawa ce, amma a dubi abin da fim ɗin ya yi da Williams. Samuel L. Jackson ne ya fito a matsayinsa, kuma mafi yawan lokaci yana bin bayan Tarzan ne yana haki, yana ba da dariya, yana mamakin yadda wannan Bature ya san kan dabbobi. A ƙarshe Tarzan ne ya koro garken namun daji suka rugurguza garin Boma, ya ceci matarsa Jane, ya bar Rom a bakin kadoji. A tarihi kuwa Rom ya mutu a Beljiyam a 1924, Leopold ya ci gaba da riƙe Kwango har 1908, kuma mafi munin ta'asar tara roba da yanke hannuwa da aka san mulkinsa da ita, bayan 1890 ta auku. An ɗauki mutumin da ya yi jarumtar gaske aka mai da shi ɗan rakiyar jarumin ƙage, aka kuma ba bala'in da ya ci rayukan miliyoyin mutane kyakkyawan ƙarshen da bai samu ba. Ban zargi marubutan da rashin ƙwarewa ba, domin ba su da mafita: muddin sunan fim ɗin Tarzan, dole shi ne zai fi kowa sanin dajin, dole shi ne zai yi ceto, wannan kuwa shi ne ainihin abin da ake son gyarawa. Mai gyaran soro ba zai rushe bangon da azara ke kai ba ya ce rufin ya ci gaba da tsayuwa.

Doc Savage yana da irin wannan lalura ta wata fuska. Dukiyar da yake aiki da ita zinariya ce da wata ɓoyayyar al'ummar Maya a Amurka ta Tsakiya ke aiko masa, masu laifin da ya kama kuwa yakan tura su wani asibitin sirri a yi musu tiyata a ƙwaƙwalwa, su manta da rayuwarsu ta baya su zama mutanen kirki. Masu karatu na 1933 sun ɗauki wannan a matsayin jin ƙai da ci gaba, na yau kuwa abin da zai gani shi ne mutumin da ke buɗe kawunan jama'a ba kotu ba alƙali.

Zorro kuwa labarinsa na faruwa ne a Kalifoniya a farkon ƙarni na 19, kafin ta zama ta Amurka. Don Diego ɗan masu ƙasa ne da ke nuna kansa rago mai gudun faɗa, da dare kuma ya rufe fuska ya hau doki ya hukunta jami'an gwamna da sojojin da ke cin zalin talakawa da 'yan asalin ƙasar. Shi ma ɗan gata ne mai ceton marasa gata, ban musa ba, amma ƙarfinsa yana cikin takobin da aka koya masa, da wayo, da ƙyallen da ke rufe fuskarsa, kuma waɗannan duka ana iya miƙa su ga wani. Fim ɗin The Mask of Zorro na 1998 ya gane haka sarai. Anthony Hopkins ya fito a matsayin tsohon Diego da ya shafe shekara 20 a kurkuku, ya gudo, ya tsinci wani ɓarawo mashayi mai suna Alejandro, wanda Antonio Banderas ya taka. Ya tsayar da shi a tsakiyar wasu da'irori da aka zana a ƙasa, ya shaida masa cewa nan ce duniyarsa har sai ya ƙware, ya koya masa takobi da tafiya da magana irin ta manya, sannan ya miƙa masa ƙyallen. Da wannan canji ɗaya talaka ya zama mai ƙwatar wa kansa haƙƙi, labarin bai rasa komai ba, fim ɗin kuma ya tara kimanin dala miliyan 250 a duniya. A 2005 marubuciyar nan Isabel Allende ta sake rubuta asalinsa, ta ba shi uwa mai jinin 'yan asalin ƙasar, shi ma labarin ya karɓa, a 2024 kuma an fitar da shirye-shiryen talabijin biyu a kansa, ɗaya daga Sifen, ɗaya daga Faransa.

Conan yana tsakanin biyun. Akwai wariyar launin fata mai muni a wasu labaran Howard, amma jarumin kansa ɗan maƙeri ne daga wata ƙabilar tsaunuka, ɓarawo, sojan haya, wanda ya ƙwaci sarauta da hannunsa, kuma abin da ke tafiyar da labaransa shi ne raina mutanen birni da ruɓewar masu mulkinsu, abin da kowane zamani ke da mai saurarensa. Fim ɗin 1982 na Arnold Schwarzenegger ya riƙe wani abu na wannan, na 2011 kuwa ya ɗauki ƙwanji da jini ya bar sauran, ya faɗi.

Aikin da ya fi burge ni a wannan fage na waɗanda suka bar tsofaffin sunaye ne suka ɗauki tsarin kawai. Charles Saunders, baƙar fatan Amurka da ya yi yawancin rayuwarsa a Kanada har ya rasu a 2020, ya taso yana son labaran Howard yana kuma ƙyamar Afirkar Tarzan, sai ya ƙirƙiro Imaro a shekarun 1970, littafin kuma ya fito a 1981. Imaro ɗa ne da ƙabilar mahaifiyarsa, makiyaya mayaƙa masu kama da Masai, suka tsana don ba su san mahaifinsa ba, kuma duniyar da yake yawo a cikinta tana da dauloli da birane da matsafa da aka gina daga tarihin Afirka da tatsuniyoyinta. Wannan ya wuce abin da mujallar hotuna ta Boom ta yi a ƙarshen shekarun 1960, wadda aka riƙa sayarwa a Nijeriya da Ghana da Kenya tare da African Film ta Lance Spearman, inda jaruminta Fearless Fang ya kasance Tarzan ne kawai da aka canja wa launin fata. Fim ɗin Black Panther na 2018 ya bi hanyar Saunders ta wata fuska. Ɓoyayyen birni mai tarin dukiya a tsakiyar Afirka tsohon salo ne tun daga King Solomon's Mines na Rider Haggard a 1885 har zuwa birnin Opar na labaran Tarzan, kuma a labaran nan baƙi ne daga waje ake danganta wa ginin, kamar yadda 'yan mulkin mallaka suka yi ta musanta cewa 'yan Afirka ne suka gina tsohon birnin dutse na Zimbabwe. Wakanda, ƙagaggiyar ƙasar da ke cikin Black Panther, ta riƙe ɓoyayyen birnin da dukiyarsa, ta mayar da ginin ga masu ƙasar, Baturen da ke cikin labarin ya koma ɗan rakiya, fim ɗin kuma ya tara fiye da dala biliyan 1.3.

Ko Indiana Jones da mai tambaya ya kawo misali da shi ya fara jin jiki. A fim ɗin 1989 yakan ce kayan tarihi gidan tarihi ya kamata su tafi, kuma a lokacin 'yan kallo kaɗan ne suka tambayi gidan tarihin wace ƙasa ake nufi. A watan Disambar 2022 Jamus ta dawo wa Nijeriya da wasu daga cikin kayan tagullar Benin da sojojin Ingila suka kwashe a 1897, aka miƙa su a Abuja. Fim ɗin Indiana Jones na biyar, wanda ya fito a 2023 lokacin da Harrison Ford, mai fitowa a matsayinsa, yake da shekara 80, bai mayar da kuɗinsa ba, ko da yake tsadar shirya shi da tsufan jarumin suna da babban kaso a wannan.

Abin da zai canja fagen nan gaba kaɗan dokar haƙƙin mallaka ce. A Amurka kariyar irin waɗannan ayyuka kan ƙare bayan shekara 95, don haka abin da aka buga a 1931 zai zama na kowa a farkon 2027, na 1932 a 2028, na 1933 a 2029, wato labaran farko na The Shadow da Conan da Doc Savage ke nan a jere. A Turai, inda ake ƙirga shekara 70 daga rasuwar marubuci, an riga an ga abin da hakan ke haifarwa: Howard ya rasu a 1936, kamfanin Glénat na Faransa kuma ya fara fitar da littattafan zane daga ainihin labaransa a 2018. Sai dai suna a matsayin tambarin kasuwanci ba ya ƙarewa muddin ana amfani da shi. Shi ya sa da aka kai littattafan Glénat Amurka aka buga su da sunan The Cimmerian, wato sunan ƙabilar Conan, kuma shi ya sa kamfanin da Burroughs ya kafa a 1923 ke riƙe da sunan Tarzan har yau, duk da cewa littafin farko ya daɗe da fita daga kariya. Saunders kansa ya ɗanɗana wannan, domin masu buga Imaro sun rubuta a bango cewa labarin Tarzan baƙar fata ne, kamfanin Burroughs ya yi barazanar kai ƙara, aka janye littafin aka sake buga bangon, jinkirin kuma ya cutar da cinikinsa.